Guerlain: Kusan shekara 200 ana zuba turare da man shafawa a kwalba ɗaya

Ka tuna ranar ƙarshe da ka shiga kanti sayen man shafawa. Kafin ka tambayi farashi, kafin ka karanta abin da aka rubuta a jikin robar, mai yiwuwa abin da ka fara yi shi ne buɗe murfin ka kai hanci. In ƙanshin ya yi maka, to rabin ciniki ya faɗa. In kuwa bai yi ba, ko mai kanti ya rantse maka cewa babu man da ya kai shi gyara fata, da wuya ka ɗauka. Amma ai hanci ba zai iya gaya maka ko man zai hana fatarka tsagewa da hunturu ba. To me ya sa muke bar masa yanke hukuncin?

Wannan ɗabi'a tana da tarihi mai tsawo, kuma akwai kamfanonin da suka gina dukiyarsu kacokan a kanta. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne Guerlain na ƙasar Faransa, wanda ake furta sunansa kamar "Gerlan". Tun 1828 yake sayar da turare da kayan gyaran fata a rufi ɗaya, a bisa tunanin cewa abin da zai amfani fata dole ya faranta wa hanci rai. Bari mu bi tarihin gidan, mu ga daga ina tunanin ya fito, a ina kimiyya ta goyi bayansa, a ina kuma ta ce a dakata.

Lokacin da ƙanshi yake magani

Yau in kana son turare ka nufi mai turare, in kana son magani ka nufi kemis. A da can ba a raba su haka ba. A ƙarni na 9, malamin nan na Bagadaza, al-Kindi, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatsar ƙanshi ta hanyar tururi, mai ɗauke da haɗe-haɗe sama da 100, kuma shi ɗin dai ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Ruwan wardi da masanan ƙasashen Musulmi suka ƙware wajen tatsa, ana shafa shi don ƙanshi, ana kuma ba marar lafiya.

A Turai akwai wani dalili na daban. Shekaru aru-aru likitocinsu sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska mai wari ce take kawo annoba. In wari cuta ne, ka ga ke nan ƙanshi ya zama riga-kafi. Shi ya sa mutane suke yawo da ƙyalle jiƙe da ruwan khal mai haɗin ganyaye, suna shaƙa idan za su wuce ta inda ake mutuwa. Sanannen ruwan ƙanshin nan na birnin Kolon a Jamus, wanda Giovanni Maria Farina ya fara haɗawa a 1709, har sha ake yi da sunan magani.

Doka ce ta fara raba gari tsakanin su biyun. A 1810 Napoleon na Ɗaya ya ba da umarnin cewa duk mai sayar da maganin da sirrin haɗinsa ke ɓoye, sai ya bayyana wa hukuma abin da ke ciki. Masu ruwan Kolon ba su so asirinsu ya tonu, sai suka daina tallarsa a matsayin abin sha, suka ce na shafawa ne kawai. Ka riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa. Tun daga lokacin masu kayan kwalliya suka koyi tsayawa a bakin iyaka: su yi magana kamar masu magani, ba tare da an ɗora musu sharuɗɗan masu magani ba.

Shagon titin Rivoli

An haifi Pierre-François-Pascal Guerlain a 1798 a garin Abbeville da ke arewacin Faransa. Ya tafi Paris yana saurayi, ya yi aiki a ƙarƙashin wasu masu turare yana yawon tallar kayansu. A 1828 ya buɗe nasa shagon a lamba 42, titin Rivoli. Sunan sana'arsa a lokacin shi ne mai turare da ruwan khal. In da za ka leƙa shagon, za ka tarar da sabulai, ruwan khal na wanke jiki, man gashi, hoda, ruwan shafa fuska, da wasu kayan da yake shigowa da su daga Ingila. Turare ɗaya ne kawai daga cikin kayan. Daga cikin abubuwan da gidan yake alfahari da su har da wani man leɓe mai suna Baume de la Ferté, wanda suke danganta shi da shekarar 1830.

Shekara huɗu bayan buɗe shagon, a 1832, kwalara ta afka wa Paris ta kashe mutum wajen 18,000. A lokacin babu wanda ya san ƙwayar cutar da ke jawo ta, sai a shekarun 1880 Robert Koch ya tabbatar da ita. Mutanen birnin sun ɗauka iska ce, don haka mai sayar da abu mai ƙanshi, a idonsu, yana sayar da kariya ne. A cikin irin wannan duniyar Guerlain ya kafu.

Babbar nasararsa ta zo a 1853, shekarar da Napoleon na Uku ya auri Eugénie. Guerlain ya haɗa mata wani ruwan ƙanshi na lemo mai suna Eau de Cologne Impériale, ya zuba a kwalbar da aka ƙawata da siffar ƙudan zuma, alamar gidan sarautar Napoleon. Aka ba shi matsayin mai turaren fada. Ana ba da labarin cewa sarauniyar takan yi amfani da shi idan ciwon kai ya taso mata, wanda ke nuna maka cewa ko a fada ba a gama raba ƙanshi da magani ba. Har yau ana sayar da turaren a irin wannan kwalba, kuma ƙudan zuman nan za su sake fitowa a labarinmu bayan shekara 157.

Gidan yana jingina wa wanda ya kafa shi wata wasiyya ga ma'aikatansa, wadda ma'anarta ita ce a yi kaya mai kyau, kada a yi ha'inci a inganci, a riƙe tunani mai sauƙi a kuma aiwatar da shi da tsanaki. Ya rasu a 1864, 'ya'yansa biyu suka raba aiki: Aimé ya riƙe haɗa turare, Gabriel ya riƙe kasuwanci.

Me ya haɗa kitse da ƙanshi?

Kada ka ɗauka dabarar kasuwa ce kawai ta sa turare da mai suke tafiya tare. Akwai dalili a kimiyyar sinadarai. Yawancin sinadaran da ke ba fure ko ɓawon lemo ƙanshi ba sa narkewa sosai a ruwa, amma suna narkewa a mai. Ka gwada ajiye man shanu a buɗe kusa da yankakkiyar albasa, ka ga yadda zai kwashe warin.

Masu turare na garin Grasse a kudancin Faransa sun mayar da wannan ɗabi'a ta kitse sana'a. Sukan shafa tataccen kitsen dabba a kan faifan gilashi, su jera furannin yasmin a kai, washegari su kwashe su zuba sababbi, haka har tsawon makonni, sai kitsen ya ƙoshi da ƙanshi. Daga nan zaɓi biyu ne: ko a wanke kitsen da sinadarin itanol a fitar da turare, ko a sayar da shi yadda yake a matsayin man shafawa mai ƙanshi. Tukunya ɗaya, kaya biyu.

Ta ɓangaren fata kuwa, ga abin da ke faruwa. Shimfiɗar da ke can saman fatarka siririya ce ƙwarai, kaurinta bai kai na silin gashi ba. Masana suna kwatanta ta da katanga: matattun ƙwayoyin fata su ne bulo, wasu nau'o'in kitse kuma su ne simintin da ke tsakani. Aikin katangar shi ne hana ruwan jikinka tserewa. Idan sabulu mai ƙarfi ko busasshiyar iska ta cinye simintin, ruwa ya fita, sai fata ta yi furu-furu ta fara ƙaiƙayi. Man shafawa yana taimakawa ta hanyar toshe saman, kamar yadda basilin yake yi, ko cike guraben da ke tsakanin bulon, kamar man kaɗanya, ko jawo ruwa ya riƙe, kamar gilisarin. Tsohon kirim ɗin da ake dangantawa da likitan Girka, Galen, na ƙarni na 2, kakin zuma ne da man zaitun da ruwan wardi.

Sannan mai yana rage saurin tashin ƙanshi. Duk matar da take shafa mai kafin ta sa humra ta san wannan ba tare da ta shiga ɗakin gwaji ba. Ka lura dai da inda ribar take: man yana taimakon turaren ya daɗe, amma turaren ba ya ƙara wa man ƙarfin riƙe ruwa.

Jicky da shigowar ɗakin gwaji

Ƙarni na 19 ya sauya sana'ar turare daga tushe. A 1868 Baturen Ingila William Perkin ya haɗa kumarin a ɗakin gwaji, sinadarin da ke ba 'ya'yan itacen tonka ƙanshin busasshiyar ciyawa mai daɗi. A 1874 Jamusawa biyu, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka haɗa banilin, babban sinadarin ƙanshin banila. Abin da a da sai an jira jirgin ruwa ya kawo daga wata nahiya, yanzu ana iya yin sa a masana'anta.

A 1889, shekarar da aka buɗe hasumiyar Eiffel, Aimé Guerlain ya fitar da Jicky. Ya haɗa lafinta da lemo da waɗannan sababbin sinadarai biyu, ya ƙara jibda, wadda Turawa suka fi samu daga Habasha. Kafin wannan zamani, yawancin turaruka kwaikwayon fure ɗaya suke yi: wannan wardi ne, wancan yasmin. Jicky bai yi kama da wani fure da ka sani ba, kuma ƙanshinsa yana sauyawa a jiki daga awa zuwa awa, domin sinadarai marasa nauyi suna riga tashi, masu nauyi su biyo baya. Ana lissafa shi cikin turarukan zamani na farko, kuma har yanzu yana kasuwa.

Ɗan Gabriel, wato Jacques Guerlain, shi ya kai gidan ƙololuwa: L'Heure Bleue a 1912, Mitsouko a 1919, Shalimar a 1925. An ɗauko sunan Shalimar daga lambunan sarakunan Mughal na Indiya, kuma ƙarfinsa ya dogara ne a kan itil-banilin, ɗan'uwan banilin da aka ƙera a ɗakin gwaji wanda ya ninka shi ƙarfi kusan sau uku. Akwai darasi a nan ga duk wanda yake ganin "na gargajiya" ko "daga tsiro" shi ne mai kyau, "na kemikal" kuma shi ne mugu. Turarukan da suka ɗaukaka sunan Guerlain gauraye ne na biyun. Banilin da aka ciro daga banila da wanda aka haɗa a masana'anta sinadari ɗaya ne, hancinka da fatarka ba sa tambayar asalinsa.

Ita banilar ma tana da nata labarin da ba a cika faɗa a tallan turare ba. Wani nau'in furen okid ne ɗan asalin Meziko, wanda ya ƙi yin 'ya'ya a wasu ƙasashe. A 1841 wani yaro bawa mai shekara 12 a tsibirin Réunion, Edmond Albius, ya gano hanya mai sauƙi ta yi wa furen barbara da hannu. Da dabararsa ake noman banila har yau a Madagaska. Shi kuwa ya mutu cikin talauci a 1880.

Falsafar gidan

Duk da shaharar turarukan, gidan bai taɓa sakin ɓangaren fata ba. A 1870 ya fitar da jan baki a cikin ɗan bututu, a 1904 ya fitar da kirim mai suna Secret de Bonne Femme wanda ya yi shekaru da dama a kasuwa. A 1914 aka buɗe babban shago a lamba 68, titin Champs-Élysées, a 1939 kuma aka buɗe wurin gyaran jiki a saman shagon, inda ake yi wa mata tausar fuska da kayan gidan.

In ka tattara wannan duka, tunanin gidan bai da wuyar fahimta. Gyaran fata a wurinsu al'ada ce da mutum yake yi wa kansa safe da yamma, kuma ba ya ɗorewa a kan al'adar da ba ta yi masa daɗi. Don haka laushin kirim, nauyin kwalba a hannu da ƙanshin da ke tashi idan an buɗe, duk ana ɗaukar su a matsayin ɓangare na kayan. Har hodarsu da jan bakinsu ƙanshi ake sa musu. Akwai kuma wani haɗi da ake kira Guerlinade, na bagamot da wardi da yasmin da airis da tonka da banila, wanda yake ratsa turarukansu da yawa, yadda mai saye zai gane gidan ko bai ga suna ba.

Shin akwai gaskiya a wannan tunani? Akwai. A 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano iyalin ƙwayoyin gado da ke samar da masu karɓar ƙanshi a hanci, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004. Ɗan'adam yana da nau'o'in masu karɓar nan wajen 400. Saƙon da suke aikawa yana isa ɓangarorin ƙwaƙwalwa masu kula da motsin rai da tunawa ta gajeriyar hanya. Shi ya sa ƙanshin wani turaren wuta zai iya mayar da kai ɗakin kakarka nan take, tun kafin ka tuna sunan turaren. Kuma likitocin fata sun yarda cewa man da ya fi amfani shi ne wanda mutum zai riƙa shafawa kullum. In ƙanshi ne yake sa ka shafa, to ya yi wani aiki.

Sai dai wannan gajeriyar hanya tana iya yaudararka. Daɗin da ka ji a hanci yakan sa ka ga kamar fatarka ta fi kyau, alhali gilisarin da man da ke ciki ne suka yi aikin, kuma ana samun su a robar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ba.

Inda fata ta ƙi yarda

Kafin abu ya yi ƙanshi, dole ƙwayoyinsa su zama ƙanana, marasa nauyi, yadda za su tashi a iska su kai hanci. Masana suna auna nauyin ƙwayar sinadari da ma'aunin dalton. Ruwa 18 ne. Limonin na ɓawon lemo 136, kumarin 146, banilin 152, linalol na lafinta 154. Likitocin fata kuwa suna da wata ƙa'ida: sinadarin da ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Kolajin da ake yawan tallatawa a kirim ya kai wajen 300,000, don haka a sama yake tsayawa. Su kuwa sinadaran ƙanshi ƙanana ne, ga su kuma masu son mai. Halayen da suke kai su hancinka su ne suke ba su damar kutsawa cikin katangar fatarka.

Ga mafi yawan mutane wannan ba ya jawo komai. Amma a jikin wasu, garkuwar jiki takan ɗauki sinadarin a matsayin maƙiyi. Tana iya ɗaukar watanni ko shekaru kafin ta yi hakan, shi ya sa mutum zai ce ai ya daɗe yana shafa man nan lafiya lau. Da zarar ta koya kuwa, ba ta mantuwa: duk lokacin da sinadarin ya taɓa fata sai ja, ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya bayan kwana ɗaya ko biyu. Sinadaran ƙanshi suna sahun gaba a cikin abubuwan da ke jawo irin wannan alaji daga kayan kwalliya. Wani abin lura shi ne limonin da linalol sun fi zama matsala bayan iska ta taɓa su sun sauya, don haka tsohuwar robar da ta daɗe a buɗe cikin zafi ta fi sabuwa haɗari.

Bagamot, lemon da ake nomawa a kudancin Italiya wanda yake cikin zuciyar Guerlinade, yana da tasa matsalar. Ɗanyen man ɓawonsa yana ɗauke da sinadarin bagaftin, wanda idan hasken rana ya same shi a kan fata yake ƙona wurin ya bar baƙin tabo. A farkon ƙarni na 20 likitocin Turai sun yi ta ganin mata da tabo mai siffar gangarowar ɗigo a wuya, daidai inda turare ya zubo. Yau masu turare suna cire sinadarin ko su taƙaita shi. Amma ɗanyen man lemo da ake sayarwa ba tare da tacewa ba yana nan da halinsa, kuma a baƙar fata tabon da kumburi ya bari yakan daɗe kafin ya ɓace.

Saboda irin waɗannan, masana'antar ta kafa ƙungiyar IFRA a 1973 don tsara iyakar amfani da sinadarai. A 2003 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunayen sinadaran ƙanshi 26 a jikin kaya idan sun wuce kashi 0.001 cikin 100 a abin da ake bari a fata, ko kashi 0.01 a abin da ake wankewa. A 2023 aka ƙara wasu 56. Dokokin sun taɓa Guerlain kai tsaye. Mitsouko ya dogara ne a kan wata gansakuka da ke fitowa a jikin itatuwa, wadda aka gano tana ɗauke da sinadarai biyu masu tsananin jawo alaji, atranol da kuloro-atranol. Da aka taƙaita amfani da su, sai da gidan ya sake haɗin turaren. Wato Mitsoukon yau ba daidai yake da na 1919 ba, kuma lafiyar fata ce ta tilasta sauyin.

Daga hannun iyali zuwa hannun kamfani

Jean-Paul Guerlain, jikan Jacques, shi ne mai haɗa turare na ƙarshe daga cikin iyalin. Shi ya yi Vetiver a 1959 da Habit Rouge a 1965 da Samsara a 1989. A 1994 katafaren kamfanin LVMH ya sayi gidan, a 2008 kuma aka naɗa Thierry Wasser, ɗan ƙasar Siwizalan, a matsayin babban mai turare. Ƙarshen alaƙar iyalin da gidan bai yi kyau ba. A Oktoban 2010 Jean-Paul ya furta kalaman wariyar launin fata a kan baƙaƙe a gidan talabijin na France 2, aka yi zanga-zanga a ƙofar shagon Champs-Élysées, a 2012 kuma kotu a Paris ta ci shi tarar Yuro 6,000.

A ƙarƙashin sababbin masu shi, ɓangaren fata ya ƙara girma. A 2006 aka fitar da Orchidée Impériale mai ɗauke da abin da aka tatso daga furen okid. A 2010 aka fitar da Abeille Royale mai zuma daga baƙaƙen ƙudan zuma na tsibirin Ouessant. Ƙudan da ke jikin kwalbar sarauniya a 1853 don ado, yanzu sun koma cikin kwalbar a matsayin sinadari. Zuma kam tana da hujja a likitance: tana jan ruwa, tana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma ana amfani da tatacciyarta wajen ɗaure wasu raunuka da ƙuna. Amma hujjar warkar da rauni daban, hujjar goge tamoji daban. Kowace sai an gwada ta a kan kanta.

A Janairun 2024 wannan tazara ta fito fili. Gidan ya tallata wani sabon kirim, Gold Nobile, a kan Yuro 650, yana danganta aikinsa da kimiyyar kwantum, wato reshen fiziya da ke nazarin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta irin su atom da ƙwayoyin haske. Gaskiya ne cewa ƙwayoyin halitta suna fitar da wani haske mai rauni ƙwarai wanda sai da na'ura ake gano shi. Amma daga nan zuwa cewa kirim zai mayar da tsohuwar fata sabuwa ta hanyar kwantum, tsallen ya yi yawa. Masana fiziya da masu wayar da kai a kan kimiyya a Faransa suka yi ca a kan tallar, har kamfanin ya cire kalmar.

Ka tuna dokar 1810? Iyakar nan tana nan. Kafin a sayar da magani, sai an gwada shi a kan marasa lafiya da yawa, an kwatanta da waɗanda ba su sha ba, hukuma ta duba sakamakon. Kayan kwalliya ana buƙatar su zama marasa cutarwa, kuma kada a yi ƙarya a tallarsu, amma ba sa bin waccan doguwar hanya. A 1832 yaren da ke sayar da kaya shi ne korar gurɓatacciyar iska. A 2024 ya zama kwantum.

To, kai fa?

Babu laifi ka so mai mai ƙanshi. In fatarka lafiya take kuma ba ta taɓa yi maka bore ba, shafa abinka. Abin da ya kamata ka sani shi ne me kake biya. A kwalba mai tsada irin ta Guerlain kana biyan ƙwarewar masu haɗa ƙanshi, da gilashi, da suna, da tarihin da muka bi yanzu. Waɗannan abubuwa ne na gaske, kuma wanda yake da hali yana iya ganin sun cancanci kuɗinsa. Riƙe ruwa a fata kuwa, basilin da gilisarin da man kaɗanya sun iya shi tun tuni.

In fatarka mai saurin ƙaiƙayi ce, ko kana fama da kirci, ko jariri za a shafa wa, to ka raba su: mai marar ƙanshi a fata, turare a tufafi. Ka juya robar ka duba jerin sinadarai. Kalmar Parfum ko Fragrance tana nufin akwai haɗin ƙanshi wanda zai iya ƙunsar sinadarai da dama, kuma sunaye irin su Limonene da Linalool galibi a ƙarshen jerin suke. Sabon mai kuwa, ka fara gwada shi a ɗan wuri a cikin hannunka, sau biyu a rana, har kwana bakwai zuwa goma, kafin ka kai shi fuska. Kada ka shafa ɗanyen man lemo sannan ka fita rana. Ka riƙa rufe murfi da kyau, ka ajiye a inuwa, in ƙanshin ya sauya kuma ka rabu da shi. Idan ƙuraje suka fito suka ƙi tafiya bayan ka daina shafawa, je ka ga likitan fata, akwai gwajin da ake liƙa sinadarai a baya na kwana biyu don a gano wanda jikinka ba ya so.

Gobe in ka shiga kanti, ka buɗe murfin ka shaƙa kamar yadda ka saba. Daga nan sai ka juya robar ka karanta bayanta kafin ka zaro kuɗi.